Sharhi: Kangon Gida Ma Jari Ne

Ƙididdigar da gwamnatin Japan ta gudanar a shekarar 2023 ta nuna cewa gidaje kimanin miliyan 9 ne babu kowa a cikinsu, wato kashi 13.8 cikin 100 na gidajen ƙasar. Ƙananan hukumomi da dama sun buɗe rajistar irin waɗannan gidaje, har baƙi daga ƙetare na sayen na karkara da araha suna gyarawa.

A can jama'a raguwa take yi, a Gombe kuwa ƙaruwa. Tun da garin ya zama babban birnin jiha a 1996, gine-gine ke ta bazuwa zuwa unguwanni irin su Barunde, filaye na ƙara tsada. Amma a tsofaffin unguwanni akwai gidajen ƙasa na gado da damina ke rusawa, saboda magada sun kasa daidaitawa.

Ya kamata hukuma ta yi rajistarsu, kotuna su gaggauta rabon gado, a kuma sauƙaƙa samun takardar mallaka domin masu saye su sami natsuwa. Gyaran waɗannan gidaje zai sama wa magina aiki, ya kuma rage wa talaka tsadar haya.