FILIN MATA: Santsin Tsakar Gida

 Makon jiya na tafi Madadi dubiyar wata gwaggona. Wata uku ke nan da ta tashi da asuba za ta kewaya, ba fitila a hannunta, ta taka inda a ke zubar da ruwan wanke-wanke, santsi ya kwashe ta, ƙashin ƙugunta ya karye. Aka kai ta asibitin Gwarzo, daga can sai Asibitin Ƙashi na Dala a Kano. An yi mata aiki ta komo gida, amma tsohuwar da ke daka da kanta, yau ko buta sai an miƙa mata.

Kada ku ɗauki abin wasa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum wajen 684,000 ke mutuwa kowace shekara saboda faɗuwa, waɗanda suka haura shekara 60 kuwa su suka fi yawa. Dalili, ƙashi ya kan rage ƙwari da tsufa, tun ba na mace ba bayan ta daina al'ada. Ga yanar ido, ga jirin da kan kwashi tsoho in ya miƙe farat ɗaya.

To, mafi yawan maganin yana hannunmu, mu da ke riƙe da gida. A gyara kwata ruwa ya riƙa wucewa, a kankare gansakuka a makewayi, a zuba yashi inda ke santsi da damina. Kafin a kwanta a kwashe turmi da taɓarya da igiyar akuya daga hanya. A ajiye wa tsohuwa tocila da sanda kusa da shimfiɗarta. In ta farka, ta zauna tukuna kafin ta miƙe. In idonta ya fara hazo a kai ta a duba, gama yana aba ce da a ke cirewa.

Ku kuma 'yammatan makaranta, ƙannenku amana ne. Ku hana su hawan mangwaro da katanga da bene. Rijiya lalle a yi mata murfi. Kada a bar jinjirin da ya fara birgima shi kaɗai a kan gado, kada kuma a ba yarinya ƙarama goyon da ya fi ƙarfinta.

In an faɗi fa? Wanda ya kasa tashi, kada a fizge shi da ƙarfi. A ɗora shi a kan abu mai faɗi a kai asibiti. Yaron da ya bugu a ka, in ya yi ta amai, ko barci mai nauyi, ko jini ya fito ta kunne, kada a jira gari ya waye. Ɗorin da aka matse ƙwarai kuwa ya kan tsai da jini, har a rasa hannu ɗungum.

Yau da magariba, kowacce ta zaga tsakar gidanta ta duba. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.