A fita da magana, a bar sunan mai ita

Makon jiya na zauna taron wata ƙungiyar manoman albasa a nan Tawa. Tabarmi uku, shayi na tafasa a gefe. Ma'aji ya karanta lissafin kuɗin taki, shugaba ya ce, "Akwai mai magana?" Kowa ya sunkuyar da kai. Da aka tashi, tun ba mu kai bakin hanya ba wani saurayi ya ja ni gefe: "Kawu, wallahi jaka 40 ba su shiga lissafin nan ba." Na ce me ya hana ka faɗa a ciki? Ya ce ma'ajin surukin yayansa ne, kafin magariba maganar za ta isa gida da sunansa a kanta.

Ba tsoron hukuma ke rufe mana baki a irin wannan zama ba. Kunya ce da zumunci. A Adar, daga Keita har Bouza, wanda za ka tuhuma ko dai ɗan'uwanka ne, ko shi ya ranta maka kuɗin mota ranar da ka tafi cin-rani Abijan.

A Landan akwai wata cibiyar nazarin harkokin duniya, Chatham House, da ta kafa wata ƙa'ida tun 1927: abin da aka faɗa a taro kana iya fita da shi ka yi aiki da shi, amma ba ka faɗin wanda ya faɗa, ko inda yake aiki. Jakadu da ministoci ma sai da wannan rumfa suke sakin baki, balle ɗan ƙungiya mai bashin taki a wuya.

Za a ce ai muna da "an ce" da "wai", kuma mun san gulmar da suke haifarwa. Gaskiya ne. Sai dai mai gulma a bayan ido yake jifa. A nan kuwa gaban ma'aji za ka yi magana, ya amsa maka, sakatare ya rubuta "an tambayi jaka 40" ba suna. Wanda ya kai suna waje, tara ta hau kansa kamar wanda ya makara da zubi.

Na kai wa shugaban shawarar. Ya yi dariya ya ce, "Malam, a garin nan ko tari mutum ya yi an san muryarsa." Amma ya yarda a gwada a zama na gaba, bayan an kwashe albasa.