Sana'ar hannu: fentin yadi na kwalba, kafin mu buɗe akwati

Tambaya guda ce take ta dawo mana daga ƙungiyoyi a ƴan watannin nan: ƙananan kwalaben fentin nan da ake zana fure da su a kan mayafi, waɗanda muke gani a bidiyon salula, sana'a ce da za a ci bashin asusu dominta ko kwalliyar ido ce kawai? A ganinmu sana'a ce. Sai dai tana da wurare uku ko huɗu da kuɗi ke zubewa tun ba a sayar da ko ƙyalle ɗaya ba, kuma mai bidiyon ba za ta nuna muku su ba.

Mu fara raba rini da fenti, don nan ruɗanin yake. Rini shiga yake yi cikin zaren ya zama jikinsa, shi ya sa idan kin juya rinanniyar shadda ciki da waje duk launi ɗaya ne. Fentin yadi kuwa garin launi ne da aka dama da wani irin danƙo. Kwanciya yake yi a kan zaren, danƙon ya riƙe shi, kuma ba ya kamawa sosai sai ya ji zafin ƙarfen guga. Kowane da amfaninsa. Mai son turmi guda ya koma shuɗi, rini za ta yi. Mai son reshe da ganye a bakin kallabi, ko sunan amarya a kan rigar matashin kai, fenti ne nata. Kuma fa ba fentin ɗaki muke nufi ba. Na mai yana sandarar da yadi ya tsattsage, na ruwan da ake shafa wa bango kuma wanki ke ɗebe shi. Ki duba jikin kwalbar, ko ki ba ɗan lakwal ya karanta miki, a tabbatar na yadi ne.

Shi kansa fentin yadin iri biyu ne. Akwai mai kauri kamar kunu, na buga hatimi da zane a kan auduga. Akwai tsararo kamar ruwan shayi, mai gudu cikin zare da kansa, shi ne na siliki da mayafai marasa nauyi. Tsararon ba ya fitowa a kan baƙi ko wani yadi mai duhu, sai fari ko mai haske. Ba sai an sayi launi 12 ba. Ja, rawaya, shuɗi, baƙi da fari sun isa: rawaya da shuɗi su ba ki kore, ja da shuɗi su ba ki ruwan ɗanyen goro mai duhu irin na shunayya, ja da rawaya su ba ki ruwan lemo.

To, sai maganar siliki, wadda ita ce ta fi cin mutane. Siliki na gaskiya tsutsa ce ke saƙa shi, kuma ƙasar Sin ce ta fi kowa samar da shi, Indiya na bi mata. Ba baƙonmu ba ne. Kakanninmu sun san zaren tsamiya, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa ta daji, a dafa shi da ruwan toka, mata su kaɗa, a yi wa babbar riga aiki da shi. Sun san jan alharinin da ayari ke kawowa daga Tarabulus, ya ratso Abzin da Damagaram ya nufi Kano. Amma abin da ke sheƙi a rumfunan kasuwa yau ana ce masa siliki, galibinsa zaren roba ne da aka yi daga man fetur. Mai rumfa ba lalle ƙarya yake yi ba, shi ma haka aka faɗa masa.

Gane su ba wuya, ashana ɗaya ce. Ki roƙi ɗan ƙyalle ko ki zare ƴan zaruruwa daga bakin yadin, ki riƙe da almakashi a kan kwano, ki kusanta da wuta. Siliki na gaskiya warin ƙonannen gashi yake yi, wutar ta mutu da kanta in kin janye, tokar kuma baƙa ce mai murmushewa a yatsa. Auduga tana ci bal-bal da warin takarda, ta bar toka mai laushi. Na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya zama ɗan dutse mai tauri, da baƙin hayaƙi. Kar a taɓa shi sai ya huce, yana manne wa fata.

Me ya sa muka dage a kan wannan? Saboda rinin da yawancinmu muka koya, irin na shadda da Bamako ta yi suna a kansa, da soda mai cin hannu da hidiro ake haɗa shi. Auduga tana jure soda. Siliki kuwa dangin gashi ne, soda tana cinye shi. Ki tsoma mayafin siliki na mai kuɗi a wannan haɗin, ki tsamo tsumma, biya kuma ya hau kanki. Rinin siliki daban ne, ruwan tsami irin binegar yake so, wani ma sai an turara shi a tururi. Na roba kuma ko ya kwana a tukunyar rinin auduga fari zai fito ko dishi-dishi. A nan fentin kwalba ya yi zarra: yana hawa auduga, yana hawa siliki, yana hawa na roban ma daidai gwargwado, ba soda, ba hidiro, ba tafasa ruwa. Uwar da ke da masu rarrafe a tsakar gida ta san darajar wannan.

Tunda mun ambaci soda, bari mu ɗan ratse, don masu haɗa sabuni da masu rini duk tana gidajenmu. Ita ake zubawa cikin ruwa a hankali, ba a zuba mata ruwa. Ba a ajiye ruwanta a gorar lemo ko ta ruwan sha, don yaro ba ya tambaya. Idan ta fantsama a ido a yi ta kwarara ruwa kamar minti 15 ko fiye, sannan a tafi likita. Idan yaro ya sha, kar a sa shi amai, a ruga da shi. Ragowar ruwan rini kuma ba a zubar da shi kusa da rijiya ko inda bisashe ke sha.

Mu koma ga aikin. Sabon yadi yana zuwa da sitati da man masana'anta, in aka yi fenti a kansa to a kan sitatin aka yi, ranar wanki su tafi tare. Don haka sai a wanke da sabuni, a ɗauraye, a shanya, a goge. Shadda mai ƙaro da bugu ta fi kowane buƙatar wannan. Yadi mara nauyi ana ɗame shi ne a kan katako huɗu da kafinta zai haɗa kamar bakin taga, a kafe da ƙananan allurai har ya yi tsam kamar fatar ganga, ya zamana bai taɓa komai a ƙasa ba. Auduga mai kauri kuwa a shimfiɗa a kan tebur, a sa leda ko kwali a ƙarƙashi don kar ya ratsa.

Fenti tsararo ba ya tsayawa inda aka ɗiga shi, sai an yi masa shinge. Turawa suna da abin da suke matsowa daga ɗan bututu su ja layi da shi. Idan ba a samu ba, kakin zuma da aka narka da kyandir yana yin aikin, kamar yadda masu batik suke yi. Kyandir zalla karyewa yake yi launi ya bi tsagar, wasu ma don wannan adon suke sonsa. Matan Abekuta a ƙasar Yarabawa kullun rogo suke shafawa a adirensu. Ko da me aka ja layin, dole ya ratsa har bayan yadin kuma ya haɗe bakinsa. Ki ɗaga katakon ki duba a hasken rana, inda kika ga ƴar kafa ko kamar kan allura, ta nan launin zai tsere ya shiga furen maƙwabciyarsa. Kaki kuma a narka shi a wuta kaɗan. In ya kama da wuta a rufe shi da marfi, ba a watsa masa ruwa.

Wata dabara da ba ta cin ko dala: a barbaɗa gishiri mai tsakuwa, irin bezar Bilma, a kan fentin tun yana jiƙe. Kowace ƙwaya tana jawo launi wajenta, ta bar zane kamar taurari. A bar shi ya bushe sarai kafin a kakkaɓe.

Yanayinmu ma yana da nasa ra'ayin. Masu bidiyon can ƙasashe masu laima suke. Mu nan a bazara buroshi bai gama zagaye ganye ba gefe ɗaya ya bushe, sai a ga zobe-zobe. Gara a yi da sassafe a inuwa, a ɗan yayyafa wa yadin ruwa in fili mai faɗi za a cika. Da hunturu kuma cikin ɗaki, don ƙura na manne wa ɗanyen fenti. Kar tsimi ya sa a tsinka shi da ruwa da yawa. Launin zai yi kyau a ido, amma danƙon ya yi rauni, wanki biyu ya koɗe.

Guga ita ce makullin duka. A bar aikin ya kwana ya bushe, a juya bayansa, a ɗora farin ƙyalle, a bi kowane waje kamar minti 3 zuwa 5 ana motsa ƙarfen. Abin da ke rubuce a kwalbar shi ne gaba da maganarmu. Ba sai da kuran ba, ƙarfen gawayi yana yi, a dai kula da tartsatsi da toka. Na roba ba ya son zafi sosai, a rage wuta a ƙara lokaci. Inda aka sa kaki, a goge tsakanin fararen takardu su tsotse shi, ban da jarida, tawadarta na hawa yadi. Wankin farko sai bayan kwana biyu, da ruwan sanyi, ba jabel.

Yanzu lissafi. Kuɗin nan misali ne, kowace ta sa farashin kasuwarta. A ce ƴar uwa ta ɗauki jika 25: yadin mayafi 10 jika 12, fenti jika 8, katako da buroshi da gawayi da sabuni jika 4, ɗinkin baki jika 1. In ƙungiyarta na ɗora kashi 10 cikin 100 a wata, ranar biya jika 27 da rabi za ta ajiye a tabarma. Sabon hannu ce, mu ce biyu sun ɓaci, saura 8. Sai ta sayar da kowane kusan jika 3 da rabi kafin ta fita bashin kawai, wahalarta ba ta shiga ba. In ta samu jika 4 da rabi, ta haɗa jika 36, ribarta jika 8 da rabi. Zagaye na biyu zai fi sauƙi, tunda katako da buroshi suna nan da sauran fenti a kwalba. Amma wa zai ba da jika 4 da rabi alhali ga mayafin inji mai fure jibge a kasuwa da araha? Kuma duka takwas ɗin za su fita cikin sati huɗu, kuɗi hannu, ba “sai ƙarshen wata” na dangi ba?

Shi ya sa mu kam ba mu ga hikimar yin takara da inji ba. A yi abin da inji ba zai yi wa mutum ɗaya ba: sunan jariri a kan zanen goyo, zanen gado da labule da rigunan matashin kai masu fure iri ɗaya na ɗakin amarya, kallabin anko na buki, alamar ƙungiya a kan riguna don 8 ga Maris ko 13 ga Mayu, ranar matan Nijar. Irin wannan aikin sai an yi oda ake fara shi, a karɓi rabin kuɗi tukuna, kun ga da kuɗin mai kaya aka sayi yadin. Abin da ya fi wannan ma rashin kasada shi ne mai kaya ta kawo nata. Mayafi mai kyau da manja ya ɗiga wa, ko riga da jabel ya ci waje ɗaya, a rufe tabon da fure, a karɓi kuɗin hannu. Wadda hannunta ya faɗa tana iya hangen baje kolin SAFEM a Yamai. Siliki na gaskiya dai a bar shi sai can gaba, a koya a kan farar auduga da tsoffin zannuwa.

Tun da aka kafa Mata Masu Dubara a jihar Maraɗi a 1991, akwatinmu ba na mutum ɗaya ba ne, don haka ƙungiya na da ikon ta ce a nuna mata kafin ta ba da. Shawararmu ga shugabanni da masu riƙon makulli: wadda ta nemi bashi don wannan sana'a, a fara ba ta na kwalba biyu ko uku. Ta yi zane a kan ƙyalle, ta goge, ta raba shi uku. Kashi ɗaya a ajiye a akwati. Na biyu a wanke shi sau biyar da sabunin da muke wanki da shi kullum, a cuɗa sosai. Na uku a rataye a rana sati guda. Ranar zubi a jera su a tabarma kowa ta gani, a kuma goga jiƙaƙƙen farin ƙyalle a kan zanen a ga ko launi zai biyo shi. Asusun taimako na haihuwa da rashin lafiya ba a taɓa shi don gwaji, kuma in rabo ya rage ƙasa da wata biyu a jira sabon zagaye.

Ƙungiyar da ta gwada ta aiko mana da irin yadin da ta yi amfani da shi da yadda ya kasance bayan wanki na biyar. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu.