Filin Lafiya: Ƙiba A Waje, Rama A Ciki

Idan dattijo mai jiki ya kwanta ciwo mai tsanani, 'yan dubiya sukan kwantar wa iyalinsa hankali da cewa ai bai rame ba. Abin da ido ba ya gani shi ne, tsokar da ke ƙarƙashin kitsen tana zubewa, alhali ita ce za ta ɗaga shi daga gado in an sami sauƙi.

Tun daga shekara 30 da haihuwa tsokar ɗan Adam take raguwa a hankali, kimanin kashi 3 zuwa 8 cikin ɗari a kowace shekara goma. Wani likitan Amurka, Irwin Rosenberg, shi ya raɗa wa wannan hali suna sarkofiniya a 1989. To, ciwo da kwanciya su ne ke mayar da tafiyar hawainiyar nan gudu. A wani bincike da aka buga a Amurka a 2007, an kwantar da tsofaffi masu ƙoshin lafiya kwana 10, sai aka tarar sun yi asarar kusan kilo ɗaya na tsokar ƙafafu. A 2013 kuma likitoci a Landan suka auna cinyar waɗanda ke kwance a sashen masu tsananin ciwo, suka ga kaurin wata tsokarta ya ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari a kwana 10 kacal.

Mai ƙiba ya fi shiga uku, domin kayan suna nan da nauyinsu, mai ɗaukarsu kuwa ya raunana. Kitsen har yakan kutsa cikin tsokar ya rage mata ƙarfi. Sikeli ba ya tona wannan asiri, amma kujera tana tonawa: wanda ya wuce daƙiƙa 15 bai tashi ya zauna sau biyar ba tare da dafawa ba, masana a Turai suna ɗaukar haka alamar raunin tsoka.

Babban kuskure shi ne a ce tun da yana kwance, bari a rage masa abinci ya saɓe. Jikin da ke fama da ciwo, in ya rasa abin ci, tsokarsa yake ci. Rage ƙiba ya jira sai an warke. Wani kuskuren kuma, na ƙauna ne, shi ne a tsare majinyaci da kunu da shayi da lemun kwalba safe da yamma. Ciki ya cika, jiki bai samu ba.

Abin da tsoho majinyaci yake bukata shi ne abinci mai gina jiki, watau furotin, gram 1.2 zuwa 1.5 a kowane kilo na nauyinsa kullum. Mai kilo 70 ke nan yana neman gram 84 zuwa 105, ƙwai ɗaya kuwa gram 6 ne. Sai an haɗa da kifi, nama, nono, alala, awara da ƙuliƙuli, a rarraba su a kowane ci. Ga mai ƙiba sosai ba da dukan nauyinsa ake lissafi ba, likita ne zai tsayar da adadin. Mai ciwon ƙoda kuwa kada a ƙara masa sai da izinin likita.

Abinci kaɗai ba ya gina tsoka sai da motsi. Da zarar likita ya yarda, a zaunar da shi a bakin gado, gobe a tsayar da shi, jibi ya taka zuwa ƙofa da mai riƙo a gefensa. Wanda bai iya tashi ba, a nemi ma'aikatan gashin ƙashi su nuna wa masu jinya yadda za su riƙa miƙe masa hannuwa da ƙafafu a kan gadon.