Fata Ta Tafi Italiya, Dafi Ya Zauna a Challawa

Mu Kanawa ba ma gajiya da tinƙaho da fata. Ko yaro ka tare zai gaya maka fatar akuyarmu ake kaiwa Italiya a yi takalma da jakunkuna masu tsada. Abin da ba ma son a tayar shi ne inda ruwan jimar yake zuwa.

To, ga inda yake zuwa. Na masana'antun Sharaɗa yana bin rafin Salanta ya faɗa Kogin Challawa. Na Bompai yana bin Getsi ya haɗu da Jakara, ya je ya kwanta a madatsar Wasai da ke Minjibir. Wanda ya taɓa tsayawa a bakin waɗannan magudanu, hancinsa ya riga ya ba shi labari.

Majeman da da bagaruwa suke jima, kuma abin da ya fito daga bishiya ruɓewa yake yi. Yau da gishirin kuromiyam ake jima, shi kuwa ƙarfe ne, ba ya ruɓewa. Laka yake shiga ya zauna. Tsutsa ta ci laka, tarwaɗa ta ci tsutsa, zalɓe ya ci tarwaɗa, mu kuma mu sayi ragowar an banɗare a bakin titi. Kada wani ya ce mana ai har yanzu ana kama kifi a ruwan. Tarwaɗa tana iya ɗagowa ta shaƙi iska, shi ya sa take jure ruwan da ya kashe sauran kifaye. Ganinta ba shaidar lafiyar ruwa ba ne.

Da rani kuma da wannan ruwan ake ban ruwan latas da kabeji da alayyafo a gaɓar Jakara. Uwargida ta wanke ganye da ruwan gishiri hankalinta ya kwanta, alhali abin da saiwa ta zuƙa yana cikin ganyen. Ba mu ga laifin mai lambu ba. Ruwan da ya biyo ta gonarsa ke nan.

Kullum aka yi magana sai a ce masana'antu suna ba dubban mutane aikin yi. Gaskiya ne. Amma masuncin Wudil shi ma sana'a yake yi, kuma ruwan Challawa ta gabansa yake wucewa bayan ya haɗu da Kogin Kano, ya nufi Haɗeja da dausayin Nguru, inda tsuntsaye daga Turai suke zuwa cin rani. Wa ya shawarce shi?

Tun 2007 aka kafa hukumar NESREA, kuma doka ta wajabta tace ruwan masana'anta kafin a sake shi. Muna son a riƙa auna ruwan Salanta da Getsi duk wata, a karanta mana sakamakon a rediyo da Hausa, tare da sunan duk masana'antar da bututunta ya wuce ƙa'ida.