Kafin a danƙa mata yara, wa ya koya mata?

A kasuwar Maraɗi babu ɗan kasuwar da zai miƙa wa sabon yaro makullin shago ranar da ya zo. Sai ya yi shekaru yana shara, yana ɗaukar kaya, yana kallon yadda maigida ke ciniki da wanda yake ba bashi, kana a bar masa shagon na yini guda. Tela ma haka yake: sai yaro ya gaji da ɗinkin maɓalli kafin a ba shi shaddar mutane ya yanka. Amma a ƙasar nan ana iya ɗaukar budurwar da ta bar kwalej jiya, a buɗe mata ɗaki cike da yara ƴan shekara 3 zuwa 5, a ja ƙofa a tafi. Haka abin yake a da dama daga cikin makarantun renon yara, waɗanda muke kira jardan.

A takarda dai ba a manta da su ba. Dokar tsarin ilimi mai lamba 98-12, ta ranar 1 ga Yuni 1998, ta sanya jardan cikin ilimin tushe. Sai dai a waɗannan shekarun ne, bayan karya darajar sefa a 1994 da tsuke bakin aljihun gwamnati, aka buɗe ƙofar ɗaukar malaman sa-kai, daga baya ƴan kwantiragi, da yawansu da guntun horo. Jarrabawar da aka yi wa ƴan kwantiragi a 2017 ta nuna wa kowa inda aka kwana. In haka firamare take, ina ga jardan, wadda har gobe wasu ke ɗauka wurin ajiyar yara ne kafin uwa ta taso daga aiki?

Wanda bai taɓa tsayawa a irin wannan ɗaki ba ne yake raina aikin. Madam ce za ta lura cewa yaron da ya saba tsalle-tsalle yau ya lafe a kusurwa, ta taɓa goshinsa, ta gane zazzaɓin cizon sauro ne tun kafin ya kai shi ƙasa. Ita za ta san lokacin shayar da su ruwa a zafin Afrilu, da yadda ake jera yara su wanke hannu da buta ɗaya ba tare da kokawa ba, da wanda ya halatta ya ɗauki kowane yaro a bakin ƙofa in an tashi. Ita za ta rarrashi mai kukan kwana uku. Ɗan shekara uku ba ya iya zaman minti talatin a wuri guda. Da waƙa da tatsuniya da ƙirgen tsakuwa ake shigar masa da karatu. Wadda ba a nuna wa wannan ba, abin da aka yi mata shi za ta yi: bulala a hannu, yara na maimaita baƙaƙen Faransanci kamar aku. Mu ma ma'aikata da laifinmu, tunda yawancinmu wannan haddar muke jira yaro ya kawo gida don mu tabbatar kuɗinmu bai tafi a banza ba.

Ba mu manta da 2021 ba. A watan Afrilu gobara ta cinye rumfunan karatu a Yamai, yara 20 suka rasu, akasarinsu ƴan jardan; a watan Nuwamba aka sake a Maraɗi, fiye da 20 suka tafi. Gwamnati ta hana sanya ƙananan yara a rumfunan kara, kuma ta yi daidai. Ba mu ɗora wa malaman da abin ya rutsa da su laifi. Tambayarmu ita ce: a yau, sabuwar madam nawa aka taɓa gwada wa yadda ake fitar da yara arba'in ta ƙofa ɗaya cikin gaggawa, a ƙirga su a waje?

Abin da muke nema bai fi ƙarfin ƙasa ba. Duk wadda za a ba ajin jardan, na gwamnati ne, na kuɗi ne, ko na ƙauye da jama'a suka kafa, ta fara yin shekarar karatu guda, daga Oktoba zuwa Yuni, a hannun gogaggiyar madam. Ta fara da kallo. Sannan a ba ta waƙar safe, sannan awa guda, har ta riƙe safiya sukutum, babbar na zaune a bayan aji. In yara sun watse su zauna su biyu, a ce mata ga inda kika yi daidai, ga inda aji ya kuɓuce miki, ga dalili. Makarantun horon malamai na Damagaram, Maraɗi, Tawa da Doso sun daɗe suna tura ɗalibansu gwajin aiki, kuma malamai na da tarukan ƙara wa juna sani da ake kira CAPED. Tushe na nan ke nan. Abin da ya rage shi ne a tsawaita zaman, a wajabta shi, a kai shi makarantu masu zaman kansu.

Amma fa koyon sana'a irin na kasuwa yana da nasa aibi, kuma ƴan kasuwa sun fi mu sani. Nawa ne suka yi shekara goma a shago aka sallame su hannu wofi? In ba a yi hattara ba, mai makaranta zai tara ƴan mata da sunan koyo, su yi masa aiki kyauta, shi kuwa yana karɓar kuɗin uwaye cif. Saboda haka dole koyon ya kasance da wa'adi a rubuce, da ɗan albashi tun watan farko, da takardar shaida mai sa hannun sufeton makarantu, wadda za ta yi amfani a ko'ina cikin ƙasa. Ita ma mai koyarwar a ƙara mata wani abu a kan albashinta, don aiki biyu take yi. Kuma a zaɓe ta da idon basira. Daɗewa a aji ba ita ce gwaninta ba, akwai wadda ta shekara ashirin bulala kaɗai ta ƙware a kai.

Ga kuma batun harshe. Kundin da aka ƙaddamar a watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. Tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa a Damagaram, kuma waɗanda suka yi aiki a irin waɗannan makarantu, da dama sun yi ritaya suna zaune a gida. Su ne suka san yadda ake fara wa yaro karatu da harshen uwarsa. A nemo su tun suna da ƙarfi, a haɗa kowanne da sababbin malamai na unguwarsa.

Alhazanmu da ke gina azuzuwa, Allah ya saka musu, suna iya ɗaukar nauyin ƴar koyo ɗaya ko biyu na shekara, abin bai kai kuɗin rufin kwano ba. Uwaye kuwa, ranar rubuta yaro a watan Oktoba, bayan an tambayi kuɗin shekara da na tufafin lakwal, a tambayi darakta: wadda za ta riƙe ɗana, a hannun wa ta koya, kuma wata nawa ta yi?