Mu daina sayar wa masu ƙosai littattafan fatalwa

Duk wanda ke harkar gwanjo tsakanin Kwatano da kasuwanninmu na bakin iyaka, irin su Konni da Illela ko Dan Issa da Jibiya, ya san akan tarar da tsofaffin littattafan Turanci cikin kaya. Na lissafi da ƙamus ba sa kwana. Waɗanda ke zame mana ƙarfen ƙafa su ne masu hoton ƙwarangwal ko fatalwa a bango. Uba na gani sai ya yi a'uziyya ya ja hannun ɗansa, mu kuma daga ƙarshe mu auna wa mai ƙosai a kilo ta yi ƙunshi. A ganinmu wannan asara ce, kuma rashin sanin abin da ke hannunmu ne ya jawo ta.

Alal misali, akwai Scary Stories to Tell in the Dark, wanda wani Ba'amurke, Alvin Schwartz, ya fitar a 1981, ya ƙara na biyu a 1984, na uku a 1991. Mutumin nan tattaro labaran ya yi daga tatsuniyoyin da mutanen ƙasarsa suka gada, ya gajarta su domin yara su karanta wa juna da dare. Wasu ma an tsara su ne yadda mai karatu zai yi ƙasa da murya, can ƙarshe ya daka wa na kusa da shi tsawa. To jama'a, wane ne a cikinmu kakarsa ba ta yi masa haka da labarin Dodo ba? Mun firgita, mun maƙale jikin yayyenmu, washegari kuma mu ne kan gaba wajen roƙon a ƙara.

Iyayen da ke ƙyamar littattafan nan suna da 'yan uwa a can. Ƙungiyar ɗakunan karatu ta Amurka ta sa jerin Schwartz a kan gaba cikin littattafan da aka fi kai ƙara a cire su tsakanin 1990 da 1999, kuma zanen Stephen Gammell mai tayar da tsikar jiki na cikin dalilan. A 2011 masu bugawa suka sauya zanen da mai sauƙi. Sai waɗanda suka girma da littafin suka yi ca, aka shiga farautar tsohon bugu da tsada, har dole aka maido da zanen asali a 2017, aka kuma yi fim a 2019. Wato abin da muke aunawa a kilo, wasu sun taɓa bin sa da kuɗi a hannu.

Amma fa ba duka aka taru aka zama ɗaya ba, kuma nan ne amanar mai tebur take. Jerin Armada Ghost Book da aka fara a Ingila a 1967 don yara aka yi shi. Shi kuwa Pan Book of Horror Stories, mai juzu'i 30 daga 1959 zuwa 1989, na manya ne, cike da yanka da jini. Wanda ya miƙa wa ɗan firamare wannan don ribar dala biyu ya cuce shi, ko da bangon ya yi kama da na wancan. Wanda bai iya Turanci ba a cikinmu ya kira ɗan lakwal ko malamin makaranta ya duba masa kafin ya shimfiɗa kaya.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne muna jiran na Bature ya iso mana a dila alhali namu na nan. Tun 1911 Frank Edgar ya fara buga tatsuniyoyin Hausa, Ibrahim Yaro Yahaya kuma ya fitar da Tatsuniyoyi da Wasanni a farkon shekarun 1970. Labaran Dodo, mayu da 'yan ruwa sun isa cika ƙaramin littafi mai araha. Marubutan Kano da Damagaram, idan kun buga shi da zane mai kyau, mu ne za mu tsallaka iyaka da shi.